Wa Ke Biya Wa 'Yar Tambaya?

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo, na gan ku duka, har da wadda ta ce in ban saki shafin nan ba za ta zo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu. Ki naɗe tabarmarki, ga shi nan.

Ku kuma da yau kuka shigo: 'Yar Tambaya ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, tana shekarar ƙarshe. Wata gidauniya ce ke biya mata makaranta, ita da wasu ɗalibai, kuma babu wanda ya san mai gidauniyar. Yanzu an tura 'yan ajinsu aikin koyo a sashen mata na asibitin ƙwaƙwalwa.

* * *

"Hajiya, miƙo hannun."

"Wanne? Wanda kika matse jiya?"

"Wanda bai yi fushi da ni ba."

Hajiya ta yi dariya ta miƙa na hagu. 'Yar Tambaya ta naɗa mata abin awon jini, ta fara matsa 'yar robar.

Hajiyar Taga ake ce mata a sashen, saboda gadonta ne a bakin taga. Makon jiya aka kawo ta, ba ta barci, ba ta yin shiru. Ranar farko ta raba wa masu shara awarwaronta da takalmanta, sai da Sista, shugabar sashen, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓo. Yau da sauƙi. Ta ɗan samu barci, maganarta ta rage gudu.

"Kin rame," Hajiya ta ce. "Ba kya cin abinci ne? Ai na ce a haɗa muku da kuɗin abinci."

"Wa kika ce wa?"

"Mai kula da gidauniyar mana. Ni ke biya muku."

Daga gado na gaba Rediyo, ƙawar 'Yar Tambaya kuma 'yar ajinsu, wadda ke gyara zanin gado, ta juya baya tana danne dariya. Tun ranar da aka kawo Hajiya take wannan maganar, kuma a sashen nan ba sabon abu ba ne. Akwai wadda ta ce jiragen sama duk nata ne. Akwai wadda ke jiran a zo a ɗauke ta a kai ta fadar shugaban ƙasa. An koya wa ɗaliban a aji: kada ka yi gardama, kada kuma ka ce haka ne.

"To, Allah ya saka wa mai biya da alheri, ko wane ne," 'Yar Tambaya ta ce, idonta a kan agogon awon.

"Ko wane ne." Hajiya ta kaɗa kai. "Har yanzu namiji kike zato. Ran nan ma haka kika ce. 'Kai da ke cikin wayar nan, me ya sa kake ɓuya?'"

Hannun 'Yar Tambaya ya tsaya. Iskar awon ta fara fita da kanta, ba ta ga lambar ba.

"Me kika ce, Hajiya?"

"Sai da na kashe wayar, don dariya ta kusa tona ni."

'Yar Tambaya ta ja kujera ta zauna, abin da Sista ta hana ɗalibai yi lokacin awo.

Ranar da aka yi musu intabiyun tallafin, ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya. Mutum ɗaya ne ya yi mata tambayoyi, ya ajiye waya a tsakiyar teburin, ya ce mai gidauniya na saurare amma ba zai yi magana ba. Su biyu ne a ɗakin, sai wayar. Kuma tambayar da ta yi wa wayar, ko Rediyo ba ta taɓa faɗa wa ba, saboda kunya. Ta fito ranar tana zagin bakinta, ta tabbata ta rasa tallafin.

Ta yi ƙasa da murya. "Me kuma na ce?"

"Jarrabawa za ki yi min?"

"Tambaya ce kawai."

"Da farko kin yi min karatun aku. Wai kina son taimakon al'umma. Na yi tari, don na gaji. Sai kika yi shiru, sannan kika ce yayanki na kulle a ɗakin baya, ke ce mai miƙa masa abinci ta taga. Kika ce abin da ke damunki, ba ki sani ba ko yana jin ku in kuna dariya a tsakar gida." Hajiya ta dube ta. "Yana ji. Ni zan gaya miki. Ana ji."

Sannan ta ƙara da tambaya.

"Ya jikinsa yanzu?"

"Da sauƙi," 'Yar Tambaya ta ce. "Yana shan magani. An buɗe ɗakin. Yana zama shagon wani maƙwabcinmu."

"Madalla. To ki sake awon, kin bar iskar ta gudu. Sista za ta cinye ki ɗanya."

* * *

Rediyo ta ja 'Yar Tambaya zuwa wajen wankin hannu.

"Ke lafiya? Kin yi fari kamar kin ga fatalwa."

"Ita ce."

"Ita ce wa?"

"Mai gidauniyar."

Rediyo ta ɗora bayan hannunta a goshin 'Yar Tambaya. "Akwai gado ɗaya babu kowa kusa da ƙofa. In yi miki magana?"

"Ba wasa nake ba. Ta faɗa min abin da na faɗa a intabiyu, kalma-kalma."

"Wataƙila kin taɓa ba wani labari ta ji."

"Na taɓa ba ki?"

Rediyo ta daina wasan. Ita ma gidauniyar ce ke biya mata.

"To in ita ce," ta ce a hankali, "wa ya kawo ta nan? Kuma me ya sa aka rubuta ruɗi ne?"

"Abin da zan je in tambaya kenan."

"Wa? Sista? Ki bar min wasiyya kafin ki shiga."

Sista na zaune a ofishinta tana jera magungunan rana a ƙananan kofuna. Mace ce doguwa, ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta ajiye, ɗalibi ya san ya shiga uku.

"Sista, ina da tambaya."

"Da kin ce ba ki da ita da na aika a kira likita."

"Maganar Hajiyar Taga ce. Wa ya ce ba ita ke da gidauniyar ba?"

Sista ba ta ɗago ba. "Ɗanta. Shi ya kawo ta, shi ya ba likita tarihin ciwon."

"In kuma gaskiya take faɗa fa?"

"Me aka koya miki a kan mara lafiyar da ke ganin kanta wata babba?"

"An ce a bincika kafin a kira shi ruɗi. An ce wani abin yana kama da ruɗi alhali gaskiya ne."

Sista ta ɗago, ta dube ta na ɗan lokaci. Hannunta ya je kan tabarau, amma ba ta cire ba.

"Awon jininta nawa?"

'Yar Tambaya ta faɗa.

"To shi aka aike ki. Je ki rubuta shi. Kuma kada in sake ganinki zaune a bakin gadon mara lafiya kamar kin zo barka."

* * *

Da yamma aka buɗe ƙofa wa masu ziyara. 'Yar Tambaya ta nemi aikin da zai ajiye ta kusa da taga, ta kama goge wani tiren da tun ɗazu yake a goge.

Ɗan Hajiya ya shigo da kwandon kayan marmari a hannu, fararen kaya, ƙamshin turare na gaba da shi. Bai kai tsufa ba, bai kuma yi yaro ba. Akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu, wanda ya raba gashin biyu.

Ta san tabon. Ta kalle shi tsawon intabiyu guda, don ta rasa inda za ta sa idonta.

Shi ne ya ajiye wayar a kan tebur.

Ya durƙusa ya gaida Hajiya. Ita kuwa ta juya fuska wajen taga, ta amsa masa da ka. Ya yi 'yan maganganu, ya gyara mata filo, ta ture hannunsa. Bai daɗe ba ya miƙe.

'Yar Tambaya ta bi shi har baranda.

"Yallaɓai, ina wuni."

"Lafiya lau, sannunku da aiki." Bai tsaya ba.

"Ba ka gane ni ba?"

"Ɗalibai da yawa nake gani."

"A ina kake ganinsu?"

Sai ya tsaya. Ya juyo ya yi mata kallon sama da ƙasa, sannan ya duba hagu da dama.

"Zo nan," ya ce.

Suka matsa ƙarshen barandar, inda aka jingine tsofaffin gadaje marasa katifa.

"Ke ce mai yi wa waya tambaya," ya ce.

"Ni ce."

"To me kike so?"

"So nake in gane. Kai ka yi mana intabiyu. Ka san ita ce a wayar. Amma ka ce wa likita ruɗi take."

Ya sauke numfashi, ya murza goshinsa.

"Yarinya, kin san ta mako ɗaya. Ni na san ta tun ina rarrafe. Ranar da ta kafa gidauniyar nan, lafiyarta ƙalau, ta zaunar da ni ta sa na yi mata alkawari. Ta ce, ciwona in ya tashi bakina ba ya rufuwa. Ko ni da kaina na faɗa, ka ƙaryata ni. Ba ta so a ce yaran da ta karantar kuɗin mahaukaciya suka ci. Kalmarta ce, ba tawa ba. Alkawari nake cikawa."

Maganar ta yi kama da Hajiya. 'Yar Tambaya ta kusa ba shi haƙuri.

"Amma likita ai ba mutanen gari ba ne," ta ce. "In ka gaya masa a ofis, sirri ne. Da abin da ka faɗa yake auna ciwonta."

"Ciwonta gaskiya ne. Kin ga yadda aka kawo ta. Kafin mu zo nan ta tsaya a bakin titi tana raba wa masu wucewa kayan ɗakinta."

"Na yarda. To wace takarda ce kake jira gobe? Na ji kana ce mata gobe likita zai sa hannu."

Fuskarsa ta canza kaɗan.

"Kunnenki ma yana aiki."

"Tire nake gogewa."

"Shaidar likita ce, cewa a halin yanzu ba za ta iya kula da dukiyarta ba. Don a kare ta."

"In an bayar, wa zai kula?"

"Ni."

"Har yaushe?"

"Har ta warke."

"Wa zai ce ta warke?"

Ta sake jefa masa wata.

"Gidauniyar fa?"

"Za a duba. Abubuwa sun yi yawa, ba komai za a iya ɗauka ba." Ya sassauta murya. "Ke shekarar ƙarshe kike, ko? Naki ba zai tsaya ba. Har kuɗin jarrabawar ƙarshe, na ɗauke miki. Ki yi aikinki, ki karɓi takardarki, ki je ki kula da yayanki."

"'Yan aji ɗaya fa?"

"Kin cika tambaya."

"Haka ake kirana."

Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba.

"To bari ni ma in yi miki ɗaya. In kin tashi gobe kin ce gaskiya take faɗa, wa zai yarda da ke? Ɗalibar da ke cin kuɗin ta ce kada a taɓa kuɗin. Kin ga yadda abin zai fito? Kuma kin tona asirin da ta ɓoye shekara da shekaru, a ranar da ba ta da ikon hana ki. Ki yi tunani, wa kike taimako, ita ko kanki?"

Ya zaro makullin mota ya wuce, ya bar ta tsaye tsakanin ƙarafan gadaje.

* * *

Suka shiga motar komawa makaranta. Rediyo ta yi ta zungurin 'Yar Tambaya har ta ba ta labarin.

"Ni dai a ganina ki yi shiru," Rediyo ta ce. "Ya ce namu ba zai tsaya ba."

"Nawa ya ce."

"To nawa fa?"

"Ban tambaya ba."

"Duk tambayoyin da kika yi, wannan kika manta?" Rediyo ta harare ta, sannan ta jingina kai da gilashi. "Wallahi ni tsoro nake ji. In aka kore mu yanzu, da wane ido zan kalli babana? Har ya fara ce wa abokansa 'yarsa nas ce."

'Yar Tambaya ta tuna da mamanta. Ranar da aka ce ta samu tallafin, Mama ta zauna dirshan a tsakar gida ta yi ta kuka, ta kasa ko tashi ta sauke tukunya. Yanzu duk wata ita ke raka Yaya karɓar magani, tana gaya wa masu layi 'yarta ce ta gano sunan ciwon.

"Abin da ya tsaya min," ta ce, "ban san ko ƙarya yake ba. Wataƙila da gaske ta sa shi alkawarin."

"To ki tambaye ta mana."

"In tambayi mara lafiya a kan kuɗin da nake ci? Wannan ma ai laifi ne."

"To ya za ki yi?"

"Ban sani ba. Amma abin da aka rubuta a kanta ba daidai ba ne, kuma ni na sani."

* * *

Washegari aka yi zagayen likita. A sashen nan ba a bakin gado ake yi ba, a wani ɗaki ake zama, a riƙa shigo da marasa lafiya ɗaya-ɗaya. Babban likita a gaba, dattijo mai sanyin magana, tabaransa rataye da zare a wuya. Sista a gefensa. Ɗalibai a baya, a tsaye, jikin bango, kuma ɗalibi ba ya magana sai an tambaye shi.

Aka shigo da Hajiya. Ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali da kyau. Ɗan nata ya zauna a kujerar kusa da ita, da ambulan a kan cinyarsa.

"Hajiya, ya barci?"

"Na yi, likita. Har da mafarki."

"Madalla. Maganar da kike yi ta gidauniya fa, har yanzu kina jin haka?"

Hajiya ta dubi ɗan nata. Ta dubi tafin hannunta.

"Ka gani, likita," ya ce. "In ta ɗan samu sauƙi ita ma ta san babu wannan maganar. Amma da ya motsa, komai nata ne, kowa yaronta ne. Shi ya sa nake so a yi abin nan da wuri, kafin a cuce ta."

Likita ya gyaɗa kai, ya ja fayil ɗin gabansa, ya cire murfin biro.

"Likita."

Duk ɗakin ya juyo. Rediyo ta taka wa 'Yar Tambaya ƙafa, amma maganar ta riga ta fita.

Sista ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Na'am, ɗaliba?"

"Ina neman afuwa. Ina da maganar da ta shafi tarihin ciwon, amma ba ta gaban jama'a ba ce."

Likita ya dube ta ta saman ido. Sannan ya ɗaga hannu, sauran ɗaliban suka fita suna waiwaye, Rediyo ce ta ƙarshe. Aka rufe ƙofa.

"Muna ji."

'Yar Tambaya ta matso gaba.

"Kafin in faɗa, ya kamata ka sani ina cikin waɗanda gidauniyar ke biya wa. Don haka ina da amfani a maganar, ka auna ta da wannan. In ka ga dama ka cire ni daga kula da Hajiya. Amma jiya ta faɗa min abin da na faɗa ranar intabiyu, wanda babu mai sani sai mutum biyu, wanda ya saurara ta waya, da wanda ya yi min tambayoyin." Ta nuna ɗan Hajiya. "Wanda ya yi min tambayoyin shi ne wannan."

"Likita, yarinyar nan..."

"Ɗan dakata, Alhaji." Likita ya mayar da murfin biron. "Kai ka yi mata intabiyu?"

"Na taimaka wa wata gidauniya da aiki, eh. Amma..."

"Ta wa?"



Likita ya juya kujerarsa gaba ɗaya ta fuskanci Hajiya.

"Hajiya, ba dole ne ki amsa ba. Abin da kika faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya."

Hajiya ta daɗe tana kallon 'Yar Tambaya. Babu fushi a fuskarta, babu kuma murna.

"Ashe na faɗa," ta ce. "Bakin nan nawa." Ta gyara zama. "Likita, ciwona gaskiya ne. Na bar shan magani, na ga na yi ƙarfi, ga inda ya kawo ni. Awarwaron da na rabar, wannan ciwo ne. Kayan ɗakina, ciwo ne. Amma yaran nan ba sa cikin ciwon. Da hankalina na yi."

"Me ya sa kika zaɓi wannan fannin?"

"Zuwana na farko asibitin nan ina budurwa, da igiya aka kawo ni. Nas ɗaya ce a kan sashen gaba ɗaya. Ta zo ta kwance ni da hannunta, 'yan'uwana na cewa za ta cije ki. Ta ce min, me kike so a riƙa kiranki? Na yi wata da watanni babu wanda ya tambaye ni ra'ayina ko a kan ruwan sha." Ta ɗaga kafaɗa. "Da Allah ya buɗa min a kasuwanci, na tambaya me ya sa irin nas ɗin nan ba su da yawa. Aka ce yara ba sa son fannin, iyaye kuma ba sa biyan kuɗi don 'yarsu ta je ta yi jinyar mahaukata. Na ce to ni zan biya."

"Alkawarin da ya ce kin sa shi fa?" 'Yar Tambaya ta ce, kafin ta tuna ba ita ce likitan ba.

"Na sa shi. Na ce ya ɓoye wa duniya." Hajiya ta juya ta dube shi, karo na farko. "Ban ce ya ɓoye wa mai yi min magani ba."

Likita ya buɗe fayil ɗin, ya ja layi a kan wani wuri, ya yi rubutu a gefe.

"Alhaji, ba zan sa hannu a komai yau ba. Tarihin da na dogara da shi ya samu gyara, sai na sake auna ta daga farko, kuma ita kaɗai. Tana kuma samun sauƙi, ban ga abin gaggawa ba."

Ɗan nata ya miƙe, ya ninke ambulan ɗin biyu ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya daidai kafaɗar 'Yar Tambaya.

"Kin zaɓa," ya ce a hankali, ya fita.

"Ɗaliba," likita ya ce, "daga yau ba ke ke kula da gadon taga ba. Ba horo ba ne, ke ma kin san dalili. Sauran kuma tsakaninki da Sista."

Da za a fita da Hajiya, ta tsaya a gaban 'Yar Tambaya ta gyara mata wuyan yunifom da ya karkace.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce. "Amma ki ci abinci."

* * *

"Rufe ƙofar," Sista ta ce.

'Yar Tambaya ta rufe ƙofar ofishin, ta tsaya da hannuwa a baya.

"Kin yi magana a zagaye ba a tambaye ki ba."

"Na yi, Sista."

"Kin tare ɗan'uwan mara lafiya a baranda kina yi masa tambayoyi kamar 'yar sanda."

"Ashe kin gani."

"Babu abin da ba na gani a sashen nan. Zauna."

Ba ta taɓa jin an ce wa ɗalibi ya zauna a ofishin nan ba. Ta ɗosana a bakin kujera.

Sista ta juya tabaranta a hannu.

"Kina zaton ku ɗalibai kaɗai Hajiya ta biya wa a ginin nan? Ni ce ta farko. Lokacin babu gidauniya, babu waya a kan tebur. Da ƙafarta ta je ta biya, ta kai ni har ƙofar aji."



"To... kin sani kenan. Tun ranar da aka kawo ta."

"Na sani."

"Me ya sa kika yi shiru?"

"Ni ma ta sa ni alkawari. Kuma ina so in ga iya inda mutumin nan zai tsaya, da abin da ke cikin ambulan ɗinsa. Da likita ya ɗora biro a kan takardar, da na yi magana. Kin riga ni da numfashi ɗaya." Ta mayar da tabaran idonta. "Yanzu ya san fuskarki. Ba za ki ƙara fita ƙofar asibitin nan ke kaɗai ba, kin ji ni? Ke da mai surutun nan, tare."

"Sista, ai ɗanta ne. Ko me ya yi, ba zai..."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Hajiya. Haka aka rubuta."

"Haka ya ce a rubuta." Sista ta tashi ta murza makullin ƙofar, ta juyo. "Na san matar nan tun kafin a haife ki. Hajiya ba ta taɓa haihuwa ba."